Ciwon Barci: Kumburin Da Ke Cin Rigar Jijiya

Duk mai fataucin shanu ya san sammore, ya kuma san ƙudan tsando da ke kawo ta. To, ƙudan nan shi ne ke sa wa ɗan'adam ciwon barci. Mu da fatauci ke kai mu kurmin Kamaru har Kwango, ya kamata mu san abin da ciwon nan ke yi a cikin kai.

Da fari zazzaɓi ne mai zuwa yana tafiya, da ciwon kai, da kaluluwa a bayan wuya. Sai mutum ya ɗauka na cizon sauro ne, ya sayi ƙwaya a bakin tasha ya wuce. Ana iya yin watanni, har shekaru, a haka.

Daga nan ƙwayar cutar ta ratsa shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Abin mamakin shi ne, babban kaso na ɓarnar jikin mutum ne ke yi wa kansa. Garkuwar jiki tana da sinadaran da take yin yekuwar yaƙi da su, kuma da an ci maƙiyi sai yekuwar ta tsaya. Amma wannan ƙwayar sauya kama take yi a kai a kai, don haka yekuwar ba ta yankewa, kumburi ya ƙi lafawa.

Masu sayar da kayan lantarki za su fi saurin ganewa. Jijiya tamkar waya ce, tana da riga ta kitse da likitoci ke kira mayelin. Kumburin da ya daɗe yana zaizaye rigar nan, sai saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya ɓace a hanya. Hannu ya kama rawa, tafiya ta koma tangaɗi, magana ta sarƙe. Mutum ya yi ta gyangyaɗi a rumfa da rana tsaka, da dare kuwa ido biyu. Halinsa ma ya canza, dangi su ce sammu ne. A ganinmu nan ne ake asarar lokacin da ya fi tsada, domin in ba a yi magani ba, galibi mutuwa ce.

An dai ci gaba. A 1998 an samu kusan mutum 40,000 da ciwon, amma tun 2018 ba a kai 1,000 a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ya daina zama barazana ga jama'a a Gana a 2023, a Chadi a 2024. Tsohuwar allurar melarsoprol takan kashe kusan 5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa. Yanzu akwai ƙwayar fexinidazole ta kwana 10, kuma kyauta ake bayarwa.

Sai dai har yanzu ana kamuwa, musamman a Kwango ta Kinshasa. Wanda ya dawo daga kurmi da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ya faɗa wa likita inda ya je, ya nemi a auna jininsa tun ciwon bai hau kai ba.