Kalmar "Tan" a Fassarar Takardun Injin Sanyi

Makanikin Gusau yakan ce firji da iyakwandishan, aro daga Ingilishi. Takwaransa na Maraɗi kuwa firigo da kilim, aro daga Faransanci. Wannan bambanci ba ya ɓad da kowa. Wajen awo ne mai fassara kan yi tuntuɓe. A takardar injin sanyi, tan ba nauyi ba ne. Ma'anarsa yawan zafin da zai narkar da ƙanƙara mai kilo 907 cikin awa 24. Wanda ya mai da shi tonne na Faransanci, watau kilo 1,000, ya sa mai saye ya zaci nauyin inji ake nufi, alhali ƙarfinsa ne. Daidai shi ne a rubuta kilowat 3.5, awon da harsunan biyu suka yarda da shi.