Kujerar farauta ta kan bishiya: abin da mai jiki zai duba kafin ya ba da kuɗinsa

Duk wanda YouTube ko TikTok ta taɓa jefo wa bidiyon farautar Amurkawa ya san hoton nan: mutum sanye da kaya masu launin ganye, zaune can saman bishiya a kan wani ɗan ƙarfe, ya yi shiru yana jiran barewa. Wannan ƙarfen na'ura ce mai zaman kanta, da kamfanoninta, da ƙa'idojin gwajinta, da masu gardama a kanta kamar yadda muke gardama a kan Tecno da Samsung. Mu kira ta kujerar bishiya. Yau a kanta za mu tsaya, musamman ga mafaraucin da Allah ya ba jiki, don shi ne zaɓin ya fi wa wuya. Kuma ko ba ka da niyyar hawa bishiya har abada, akwai darasin karanta bayanan kaya a ciki wanda ya shafi duk mai sayayya ta intanet.

Me ya kai su sama tun farko? Barewar da aka fi farauta a Amurka, mai farar wutsiya, hancinta ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Idan mafarauci ya hau mita 5 zuwa 6, yana hango nesa, motsinsa ba ya faɗawa kai tsaye a idonta, kuma iska kan ɗauke warinsa ta saman kanta. Lokacin farautar yana faɗowa a kaka da farkon hunturu, Oktoba da Nuwamba su ne tsakiyarsa. Riƙe wannan, don sanyin yana da ruwa da tsaki a lissafin da ke tafe.

Lambar da ke jikin kwali

Kowace kujera tana zuwa da lambar iyakar nauyin da za ta ɗauka. Amurkawa da laba suke awo, wato abin da za ka ga an rubuta lbs. Mafi yawan kujerun suna tsayawa a laba 300, kilo 136 ke nan. Waɗanda aka yi wa masu jiki kan kai laba 350, kusan kilo 159.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya hau sikeli a gida da singileti, ya ga kilo 125, ya ce ai yana da rarar kilo 11. Lambar ba jikinka kaɗai take nufi ba, tana nufin kai da duk abin da ka hau da shi. Mu ƙaddara kayan sanyi da takalma masu kauri kilo 5, bindiga ko baka kilo 4, jaka da ruwa da abinci da fawa bank kilo 6. An kai 140. An wuce iyaka tun kafin a ɗaga ƙafa. Kamar wayar da aka rubuta wa 64GB ce, ka kunna ka tarar Android ta riga ta ci rabonta. Bambancin kawai, idan waya ta cika saƙo take nuna maka, ita kuwa kujera ba ta da allo.

Wani zai ce ai injiniyoyi suna barin rara, ƙarfen ba zai karye a kilo 137 ba. Gaskiya ne, amma rarar tana da aikinta. Nauyin mutum a zaune shiru daban yake da nauyinsa lokacin da ya faɗa kan kujera a gajiye, ko ya miƙe da sauri, ko ya taka bakin dandamali ya karkata don ya harba. Dandamalin a jikin bishiya yake manne ta gefe guda, saboda haka duk taku ɗaya da ka yi zuwa bakinsa yana ƙara ƙarfin da ke jan igiya da mahaɗar ƙarfen, kamar yadda doguwar sifana take kwance notin da gajera ta kasa. Ga tsufa, ga tsatsa, ga rana. Rarar nan ta waɗannan ce. Ni a ganina, idan jimillarka da kaya ta kusa lambar da kilo 10, ka haura zuwa ta gaba.

Iri uku, da na huɗu da ke tashe

Mai tsani ita ce mafi kwanciyar hankali. Tsani ne na ƙarfe da kujera a samansa, ana jingina shi a bishiya a ɗaure. Wani kaso na nauyinka yana sauka ƙasa ta ƙafafun tsanin, ba duka ne ke rataye a igiya ba. Akwai ta mutum biyu da ake yawan rubuta wa laba 500, kuma masu jiki da yawa ita suke saye su zauna su kaɗai don faɗinta. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba: ba ta ɗaukuwa. Tana da nauyi, tsayar da ita aikin mutum biyu ne ko uku, kuma hawan farko, kafin a ɗaure samanta, shi ne mafi hatsari. Wanda ke da gonarsa ko filin da zai bar ta duk kakar, shi ta dace da shi.

Ta ratayawa kuwa ɗan dandamali ne da wurin zama, ana ɗaure ta da ɗamara ko sarƙa a sama. Ba ta da nauyi kuma tana shiga kusan kowace bishiya, har karkatacciya mai rassa. Amma sai ka hau kafin ka rataye ta, da wasu gajerun sandunan taku da ake ɗaurawa ɗaya bisa ɗaya. Ga inda masu jiki suke faɗawa tarko: sandunan ma suna da tasu lambar, kuma galibi laba 300 ce. Ka sayi dandamali mai 350 ka haɗa da sanduna masu 300, to 300 ka saya. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon. Komai ƙarfin sabarka, idan rumbun bayanai ne ke ja da baya, gudunsa shi ne gudun manhajar gaba ɗaya. Sannan ga aikin rataye dandamalin kansa, kana tsaye a kan taku mai faɗin tafin hannu, mita 5 daga ƙasa, kana ɗaga ƙarfe. Ba aiki ne mai daɗi ga mai tumbi ba.

Ta ukun ita ce ta fi burge ni ta fuskar ƙira, mai hawa da kanta. Kashi biyu ce, na sama wurin zama, na ƙasa wurin tsayawa. Kowanne yana da igiyar waya da ta zagaye bishiya ta baya, da haƙoran ƙarfe ta gaba. Idan ka ɗora nauyi, haƙoran su cije, igiyar ta ja, ta kulle. Idan ka ɗage nauyin ka karkata ta, sai ta saki ta zame sama. Haka za ka yi ta yi, ka ɗaga na sama da hannu, ka zauna, ka jawo na ƙasa da ƙafa, ka miƙe, kamar tsutsa. Babu batir, babu inji, nauyinka ne makullin. Ana goya ta a baya kamar jaka.

A nan ma iri biyu ce. Akwai mai buɗaɗɗen gaba, wadda da damatsa kake ɗaga jikinka a kowane taku. Akwai mai sandar ƙarfe a gaba da kake zama a kai yayin da kake jawo na ƙasa. Mai kilo 130 ya manta da ta farko, hannunsa zai mutu kafin ya kai rabi. Kamfanin Summit misali ne mai kyau na yadda kasuwar ta rabu: Viper SD tasu laba 300 take ɗauka, Goliath SD da Titan SD kuma 350, da firam mai faɗi. Faɗin nan ba ado ba ne. Kujera za ta iya ɗaukar nauyinka amma ƙugunka ya matse tsakanin ƙarafan gefe, musamman da rigar sanyi biyu ko uku. Wanda ya matsu yana yawan mutsu-mutsu, mai mutsu-mutsu kuwa yana korar barewa, yana kuma neman faɗuwa. Don haka bayan lambar nauyi, nemi faɗin wurin zama da faɗin dandamali a inci, ka auna kanka da tef cikin kayan da za ka sa.

Nauyin waɗannan kujerun na alminiyom yana kaiwa kilo 9 zuwa 12. Ta ƙarfe zalla ta fi arha, ta fi nauyi, kuma tsatsa kan ci bututunta ta ciki inda ido ba ya gani. Kilo biyu da ka tsira da su a goyo ba su kai ka sayi ƙaramar lamba ba.

Na huɗun shi ne sirdi, wani abu kamar wando na igiyoyi da mutum ke rataya a ciki yana fuskantar bishiya. Shi ne yayi a bidiyoyi yanzu saboda rashin nauyinsa. Akwai masu jiki da ke jin daɗinsa, amma duk nauyinka a ƙugu da cinya yake taruwa, kuma yana buƙatar koyon igiya sosai. Ba wurin farawa ba ne.

Ɗamarar tsaro ita ma tana da lamba

Faɗowa daga mita 6 na nufin mutum zai bugi ƙasa da gudun kusan kilomita 39 a awa. Gudun ɗaya ne ga siriri da mai jiki, amma ƙarfin bugun yana ƙaruwa da nauyi. Shi ya sa kujera rabin sayayya ce, ɗaya rabin ɗamarar tsaro ce mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, irin wadda kake gani jikin masu hawa turken sabis na waya a nan gida. Bel ɗin ƙugu kaɗai an daina shi, don yana iya kifar da mutum kai ƙasa ko ya matse masa numfashi. Akwai ƙungiyar masu ƙera kujerun a Amurka, TMA, wadda kayan mambobinta ke bin ƙa'idojin gwaji na ASTM, kuma kujerunsu suna zuwa da cikakkiyar ɗamara a cikin kwali. Nemi wannan alamar. Sannan ka karanta takardar da ke ɗinke a jikin ɗamarar, don da yawa a laba 300 suke tsayawa, kuma suna da ranar daina aiki kamar magani.

Yawancin faɗuwa ba a zaune take faruwa ba. Wajen hawa ne, ko sauka, ko tsallakawa daga tsani zuwa dandamali, daidai lokacin da mutane da yawa ba su riga sun ɗaure kansu ba. Maganin wannan tsohuwar fasaha ce: doguwar igiya daga sama har ƙasa, da ƙullin Prusik a jikinta. Karl Prusik, mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, shi ya fito da shi a 1931. Ka tura shi da hannu ya zame, ka faɗo da nauyi ya shaƙe igiyar ya tsaya. Da shi mutum yana ɗaure tun ƙafarsa tana ƙasa.

Akwai kuma abin da bidiyoyin talla ba sa nunawa. Ɗamara ta tare ka, to sai me? Wanda ya daɗe a rataye ba motsi, igiyoyin cinya suna matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, yana iya suma, yana iya mutuwa. Mai jiki matsin ya fi yi masa yawa, kuma jawo kansa ya koma kan dandamali ya fi masa wuya. Shi ya sa ake ɗaure igiyar baya a saman kai, ba sako-sako ba, yadda ko an zame ba za a yi nisa da dandamali ba. Shi ya sa kuma ɗamarar ke zuwa da wata 'yar igiya da ake saƙala ƙafa a miƙe a kai don jini ya zagaya. Wurinta aljihun da hannu zai kai.

Haka ma waya. Idan tana cikin jakar da ke rataye a reshe, ko a aljihun wandon da igiyar cinya ta danne, daidai take da babu. Aljihun ƙirji ne wurinta. Mafarautan can suna amfani da manhajoji irin su onX Hunt da HuntStand su sa alama a daidai bishiyar da za su hau, su tura wa na gida tare da lokacin dawowa. Inda babu sabis, iPhone 14 zuwa sama suna iya aika kiran gaggawa ta tauraron ɗan'adam tun 2022, akwai kuma na'urar Garmin inReach. Sanyi yana shanye batir da wuri, wani dalilin ke nan na ajiye ta kusa da jiki.

Bishiyar ma kaya ce

Mai hawa da kanta tana son miƙaƙƙiyar bishiya mai rai, marar rassa a ƙasa, mai kauri tsakanin inci 8 da 20. Mai jiki ya nufi masu kaurin. Ɓawo mai santsi ko mai ɓarewa ba ya riƙe haƙora. Matacciya kuwa ko kusa. Wannan ya zama babban lamari a gabashi da tsakiyar Amurka tun da aka gano wani koren ƙwaro ɗan Asiya a jihar Mishigan a 2002, wanda ya kashe miliyoyin itatuwan ash. Da yawansu suna nan tsaye, ganin ido lafiya lau a lokacin da ganye ya zube, alhali sun bushe sun yi gautsi.

Bishiya tana sirancewa yayin da ake hawa, don haka ana saita dandamalin a ƙasa bakinsa ya ɗan ɗaga sama, ya daidaita idan an kai tsayin da ake so. Ba a gyara igiyar waya a sama. Kashi na sama da na ƙasa kuma dole a haɗa su da igiya, in ba haka ba na ƙasan zai iya sulluɓewa ya bar mutum a rataye. Bindiga da jaka ba a hawa da su a jiki, da igiya ake jawo su bayan an zauna, bindigar babu harsashi.

Saura maganar ta hannu da ta bogi. Ɗamarar nailan da ta shekara a rana tana iya yin kyau a hoto ta tsinke a hannu, kurege ma yana gwaguyarta. Igiyar waya mai rufin roba kan yi tsatsa a ƙarƙashin robar. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, CPSC, tana wallafa kayan da aka janye daga kasuwa a shafinta, kuma kujerun bishiya suna fitowa a ciki, saboda haka a bincika sunan samfurin kafin a biya. Wadda ka gani a kasuwar intanet da rabin kuɗi, babu sunan kamfani, an rubuta kilo 200 da manyan baƙaƙe, ka ɗauke ta kamar fawa bank ɗin da aka rubuta wa 50,000mAh alhali bai fi sabulu nauyi ba. Sabuwar ma, gwajin farko a tsakar gida ake yi, ƙafa biyu daga ƙasa, da cikakkun kayan sanyi, da wani a tsaye kusa.