Kwatano: Birnin da ɗan Kance ba ya rasa mai jin harshensa

Ga matashin Kance ko Matamaye da bai taɓa ganin teku ba, Kwatano na cikin biranen da suka fi sauƙin sabo. Kuɗin sefa ɗin nan ne dai, kuma da ya sauka unguwar Zongo zai ji Hausa da Zabarmanci a bakin masu shayi da 'yan canji, kusa da babban masallacin unguwar.

Porto-Novo ce hedkwatar Benin a hukumance, amma fadar shugaban ƙasa da harkar kuɗi suna Kwatano. Tashar jiragen ruwanta, wadda aka buɗe a 1965, ta daɗe tana ciyar da Nijar da shinkafa da motoci 'yan gwanjo. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da rufe iyakar Gaya da Malanville, kaya da yawa suka koma Lome ta Burkina Faso, lamarin da ya taɓa direbobi da dillalan Zongo. Mai niyyar tafiya ya fara tambayar halin da iyakar ke ciki.

A cikin gari, Fon da Yarbawa da Mina da 'yan Labanan ne ke cuɗanya. 'Yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa, wato zemijan, za su kai ka gaban mutum-mutumin Amazone mai tsawon mita 30, ko gaɓar Fidjrossè, amma a yi ciniki kafin a hau. Garin Ganvié, wanda aka gina a kan tafkin Nokoué, sai da kwalekwale.

Wanka a teku kuwa, a bar wa masunta. Igiyar ruwan wurin tana da ja sosai.