Bitamin A: Amfaninsa da Haddinsa a Yankin Kazaure

A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, inda gero da dawa suka rinjayi cima, ɗanyen ganye kuwa sai da damina, bitamin A da ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa 59 sau biyu a shekara yana tsare su daga dundumi, yana kuma rage ɓarnar ƙyanda. Wannan ba mu ja ba. Abin lura dai shi ne, wannan bitamin ba ya bin fitsari ya fita. A hanta yake taruwa. Saboda haka mai ciki da ta sha rabon yara tana iya jawo wa ɗan tayi nakasa. A ganinmu, ƙwayar ƙarin jini ta awon ciki da zogale da manja su suka dace da ita.