Jirgin Ƙasa a Bisa Tebur: Bayani a kan Mai Araha da Muryarsa

Duk wanda ya zauna da dattawan da suka sauke farali ta ƙasa, tun kafin jirgin sama ya wadata, lalle ya ji labarin jirgin ƙasan Sudan, wanda bayan an sha wahalar Wadai da Darfur ake shiga a Al'ubayyid, ko kuwa a Nyala bayan dogo ya isa can a 1959, ya ɗauki mahajjaci ya bi da shi ta Kosti da Sinnar, wani ya zarce Fot Sudan ya hau teku, wani kuwa ya yada zango a Hartum ko Omdurman, neman guzuri ya rikiɗe masa zaman dindindin. Dogon nan da sojan Kitchener, janar ɗin Ingila, suka jawo daga Wadi Halfa ya iso Hartum Bahri a ƙarshen 1899, bai tsallaka cikin Hartum ba sai da aka gama gadar Shuɗin Nilu shekara goma bayan haka, maƙerarsa kuwa tana Atbara, garin da mutanen ƙasar ke yi wa kirari da birnin ƙarfe da wuta.

To, akwai wasu bayin Allah a duniya waɗanda shauƙin irin wannan jirgi ya kai su ga ƙanƙanta shi su shimfiɗa a bisa tebur, da tashoshinsa da gadojinsa, kuma kada mai karatu ya zaci wasan yara ne tsantsa, domin tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da dogo mai ma'auni tsayayye, a yau kuma ma'aunin da ya fi shahara, wanda ake kira HO, yana rage kowane abu sau 87, tazarar ƙarafunan dogonsa milimita 16.5. Na san yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya sa mutanen Hartum cikin halin da ba a zancen nishaɗi, Allah Ya kawo musu sauƙi. Amma ilmin da ke cikin abin nan na lantarki ne sahihi, yaron da ya fahimce shi ya kama hanyar sana'a.

A da, ƙa'idar gudu ɗaya ce: ka ƙara wuta a dogo jirgi ya ruga, ka rage ya lafa, ka juya ta ya koma da baya. Illarta a fili take, domin in kawunan jirgi biyu suna kan dogo ɗaya tare za su tashi tare za su tsaya, kuma da zarar ka tsai da jirgi fitilarsa ta mutu. Wani Bajamushe mai suna Bernd Lenz ne ya tsara maganin da ya ɗore, cikin shekarun 1980, ƙungiyar NMRA ta Amurka ta karɓe shi a farkon shekarun 1990 ta mai da shi mizanin da kowane kamfani zai iya bi, ana kiransa DCC. Hikimarsa ita ce wuta tana nan cike a dogo koyaushe, wajen bolt 14, sai dai tana juya fuska sau dubbai cikin sakan guda, tsawon juyin kuwa shi ne saƙon: gajere, mai kashi 58 cikin miliyan na sakan, yana nufin ɗaya, mai kashi 100 ko fiye yana nufin sifili. Cikin kowane kan jirgi an ɓoye wani ɗan allo da bai wuce ɗan yatsa ba, ana ce masa dikoda, mai lambarsa ta kansa, galibi 3 in ya fito sabo. Misalinsa kamar malam ne a makarantar allo, kowane almajiri yana jin muryarsa, amma wanda aka kira da suna kaɗai ke tasowa ya biya.

An kasa gudu mataki 14, ko 28, ko 128, kuma a nan ne haƙiƙanin daɗin abin yake. Dikoda ba ta rage wa inji wuta. Ba shi take cikakkiya, guntu-guntu cikin sauri, a tsakanin guntayen kuma tana auna 'yar wutar da injin ke mayarwa saboda juyawarsa, ta gane ko nauyin taragu ya danne shi a hawa, ta ƙara masa. Da haka za ka ga kan jirgi yana rarrafe a mataki na farko, har ka iya ƙirga ƙafafunsa suna juyawa, sandunan gefensa suna kai da komo a natse. Akwai kuma wasu gurabe na saiti da ake kira CV: na 3 yana jinkirta tashi, na 4 yana jinkirta tsayawa, domin jirgi na gaske ba ya zabura.

Sauti shi ne ya daɗe yana gagarar mai ƙaramin ƙarfi, domin dikoda mai murya ta manyan kamfanoni, irin LokSound ta ESU, takan kusa kai kuɗin kan jirgin kansa. Sai Hornby na Ingila ya fito da TTS a 2014, a kan rabin kuɗin ko ƙasa, Bachmann kuma yana da nasa mai suna Sound Value. Wajibi ne mai saye ya san abin da aka rage. TTS sauti biyu kawai take iya fitarwa a lokaci guda, alhali manya suna haɗa takwas ko fiye. Kan jirgin tururi mai silinda biyu yana huci sau huɗu a kowane juyin ƙafa, mai tsada ana iya daidaita shi ya bi wannan lissafi, amma TTS matakin gudu take bi, don haka mai lura zai ga ƙafa na wani wuri, huci na wani wuri. A nawa ra'ayin, mai kuɗi kaɗan ya zaɓi na dizal, wanda rurinsa ba ya ɗaure da juyin ƙafa, aibin ba zai bayyana ba. Kuma ya fifita kan jirgin da ke tafiya sannu ba tangarɗa a kan wanda aka cika wa jerin ƙararraki, domin jiniya da ƙararrawa mutum kan gaji da danna su cikin mako.

A Hartum da Omdurman kuwa babban abokin gaba shi ne ƙura. In habub ta taso da bazara ta rufe gari, ba tagar da ke hana ta shiga, kuma tun da saƙo da wuta duk ta ƙarfen dogo suke bi, ƙwayar ƙura guda ta isa ta yanke su na ƙiftawar ido, sai ka ji sauti ya ɗauke, dikoda ta farfaɗo ta sake kunna inji daga farko ana tsakiyar tafiya. Masu araha sun fi fama da wannan, domin galibi ba a sa musu 'yar ma'ajiyar wutar nan da ake kira kafasito, wadda ke riƙe su na sakan ɗaya ko biyu. Mai iya walda da dalma yana iya ƙara ta. A riƙa goge dogo da ƙyalle da sifirit, kada a kankare shi da takardar yashi, a lulluɓe tebur in an gama.

Saura mas'ala guda. Muryoyin da ke cikin masu arahar nan, TTS da Sound Value, na jiragen Ingila da Amurka ne, an kulle su ba a sauyawa, alhali mai tsada tana karɓar sautin da mutum ya naɗo da kansa. Wanda ke marmarin jin kan jirgin Atbara a ɗakinsa, to a nan ne ƙarin kuɗi ke da hujja. Haka kuma dogon Sudan, kamar tsohon dogon Kano zuwa Ikko, faɗinsa milimita 1,067 ne, ya fi na Turai ƙunci, saboda haka a ma'aunin HO dogo mai milimita 12 ne daidai da shi, in kuwa mai 16.5 ke hannu, sai a ƙera gangar jirgin a ma'aunin ɗaya cikin 64 a ɗora ta a kan ƙafafun mai arahar.