Azumi da Sanyin Ƙashi: Me Likitoci Suka Gano?



Kowane azumi sai ka ji dattijai suna cewa gwiwa ta yi sauƙi, yatsu sun saki. Da gaske ne, ko kuwa ƙarfin imani ne?

Ku saurari wannan. A 1991, likitoci a Oslo, ƙasar Norwe, sun fitar da sakamakon binciken da suka yi kan mutum 27 masu amosanin gaɓoɓi, irin wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓoɓin mai ita. Aka hana su abinci kwana 7 zuwa 10, sai romon ganye da ruwan kayan lambu. Daga nan aka raba su da nama shekara guda. Kumburi ya ragu, sanƙarewar safiya ta ragu, kuma bayan shekara sauƙin yana nan. Turawan da ba su san Ramadan ba! Sai dai ku riƙe wannan: su suna shan ruwa. Suna shan ruwa duk yini.

Namu azumin fa? A Tunisiya an bi majinyata 56 kafin azumi da cikinsa, aka fitar da sakamako a 2020: masu amosanin sun ji sauƙi sosai. Ana zaton idan ciki ya huta, sinadaran da ke hura kumburi suna lafawa. Amma mutum 56 ba yawa ba ne, kuma Tunis ba Gure ba ce.

A nan Gure, in azumi ya faɗo watan Afrilu ko Mayu, zafi ya haura digiri 40. Baba ya sha ruwa, ya jefa diklofenak ɗin da ya saya wajen mai talla, ciki fayau, jiki a bushe. Wannan ƙwaya tana cin ciki, tana taɓa ƙoda. Mai ciwon da ke kumbura babban yatsan ƙafa kuwa, ƙishirwa da naman buɗa baki na iya tayar masa da shi.

Lokaci ya kama mu. Iya, Baba, kada jin sauƙi ya sa ku ajiye maganin likita. Ku je asibitin Gure, ko babban asibitin Damagaram, a daidaita muku lokacin shansa tsakanin shan ruwa da sahur. Wanda ciwo ya kayar, Suratul Baƙara ta ba shi damar ya sha ya rama. A je tun watan Sha'aban.