GORO DA AIKIN GONA

Yanzu da noma ya kankama, da wuya a shiga gona ba a tarar da mai fartanya da ɓarin goro a kumatu ba. Da yawa sun ɗauka ƙarfi ya ke ba su. To, ga yadda abin ya ke.

A cikin goro akwai wani sinadari da a ke kira kafeyin, kamar kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Shi ne kuma ke cikin shayi da kofi. Wani Bajamushe, Runge, shi ya fara tace shi daga kofi a 1819. In mutum ya ci goro, bayan rabin sa'a zuwa sa'a guda sai abin ya kama jiki, ya toshe hanyar da ƙwaƙwalwa ke jin an gaji. Shi ya sa mai huɗa ya kan ƙara 'yan kunyoyi bai ji ba. Masu tsere ma sun san wannan. A da an ƙayyade musu shi, sai a 2004 hukumar duniya mai hana shan ƙwayoyi a wasanni ta ɗage hanin.

Amma fa goro ba abinci ba ne. Bulala ta kan sa jaki sauri, ba ta zama masa dusa. Gajiyar tana nan, rufe ta kurum aka yi. Ga shi kuma yana kashe yunwa, har mutum ya wuni cikin rana ba kome a cikinsa.

Sa'an nan ba ya saurin fita daga jini. Bayan kamar sa'a 5 rabinsa na nan. Watau wanda ya ci bayan la'asar barcinsa ba zai yi nauyi ba, alhali cikin barci ne jiki ke gyara tsokar da ta wahala. Gobe sai ya tashi a mace, ya ƙara neman goro. Likitoci sun ce kada baligi ya wuce miligiram 400 a yini, kamar kofi 4 na kofi ke nan, mai ciki kuwa rabin haka. Mai hawan jini da mai gyambon ciki su yi hattara.

Abin da ke mai da ƙarfi bayan aiki shi ne ruwa isasshe, da fura da nono, da kunun gyaɗa, da wake, da miyar zogale mai ɗan gishiri. Saboda haka mai gayya ya fara tanadin ruwa da fura, goro ya biyo baya, da hantsi.

Allah ya ba da damina mai albarka.